Filin Tambaya da Amsa: Neman Aiki a Ƙasar Waje

Assalamu alaikum masu karatu. Mafi yawan wasiƙun da suka taru a wannan wata a kan abu ɗaya suke, wato yadda mutum zai samu aiki a wata ƙasa ba tare da ya yi asarar dukiyarsa ko mutuncinsa ba. Na zaɓi guda huɗu, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wata Hajiya a Kano:

Malam, 'yata bazawara ce mai shekara 23 da ɗa ɗaya. Wani ejan da maƙwabciyata ta haɗa mu da shi ya ce zai kai ta aikatau Jidda idan muka biya naira miliyan 2, rabi yanzu, rabi kuma a riƙa cirewa daga albashinta. Ya ce da bizar Umra za ta shiga, in ta isa sai a juya mata ita ta koma ta aiki. Ina shirin sayar da filina, shi ya sa na ce bari in fara jin ta bakinka.

Amsa:

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika yi tambaya kafin fili ya bar hannunki. Ki dakatar da cinikin nan tukuna, domin maganar da ejan ɗin ya gaya miki da bakinsa ta isa ta nuna cewa ba aikin halal a idon dokar Saudiyya zai kai yarinyar ba.

Bizar Umra ta ibada ce. Wanda ya shiga da ita ba shi da izinin yin aiki, kuma ranar da wa'adinta ya cika ya zama mai zama ba bisa ƙa'ida ba. Hukuncin da Saudiyya ta sanar ga wanda ya wuce wa'adin bizarsa yana iya kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata 6, sannan a mayar da shi ƙasarsu bayan an ɗauki hoton yatsunsa, abin da zai hana shi komawa na tsawon shekaru. Duk wanda ke da dangi a cikin takari ya san yadda wannan rayuwa take: mace ba ta iya zuwa asibiti hankali kwance, ba ta iya kai ƙara idan an hana ta albashi, kuma duk motar 'yan sanda da ta gani sai gabanta ya faɗi. Ƙarshen tafiyar sau da yawa shi ne gidan tarhil na Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, inda ake tsare mutane kafin a ɗebo su a jirgi, wasu da kayan jikinsu kaɗai.

Hanyar da doka ta sani ta bambanta da wannan tun daga tushe. Mai gidan da ke son 'yar aiki shi ne ke neman izini a can ta manhajar gwamnati mai suna Musaned, a rubuta kwantiragi da sunansa da sunan ma'aikaciyar da adadin albashi, a yi mata gwajin lafiya a asibitin da aka amince da shi, sannan a buga mata bizar aiki a fasfonta tun tana gida Najeriya. Idan ta sauka, mai gidan ne zai yi mata iƙama, wato katin izinin zama. Kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama da tikitin komawa gida bayan ƙarewar kwantiragi duk a wuyan mai ba da aiki suke. Saboda haka tambayar da za ki yi wa ejan ita ce: naira miliyan 2 ɗin nan kuɗin mene ne? Ya rubuta miki su dalla-dalla a takarda ya sa hannu. Najeriya ma ta rattaba hannu a 2023 a kan yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ƙa'idarta ita ce kamfanin samar da aiki ba ya cajin mai neman aiki. Batun cire rabin kuɗin daga albashi kuwa shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin da irin wannan bashi ake ɗaure yarinya ta yi watanni tana bauta ba ta ga ko riyal ɗaya ba, kuma kullum lissafin ƙaruwa yake yi.

Ko da an bi hanyar doka, akwai abin da ya kamata ku sani. Gyaran da Saudiyya ta yi wa tsarin kafala, wato tsarin da ke ɗaure ma'aikaci da kafilinsa, mai ba shi aiki, a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya wurin aiki da fita ƙasar ba sai da yardar kafili ba, bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin lambu ba. Su dokarsu daban take. Sabuwar ƙa'idar 'yan aikin gida da ta fara aiki a watan Oktoban 2024 ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 21 ba, ta ƙayyade aiki kada ya wuce awa 10 a rana, ta ba da hutun kwana ɗaya a mako, ta kuma haramta wa mai gida riƙe fasfon ma'aikaci. A takarda wannan ci gaba ne. Amma aikin cikin gida ne, bayan ƙofa a rufe, kuma mai iƙama da kwantiragi ce kaɗai ke da bakin da za ta nemi haƙƙinta. Idan ta gudu daga gidan, mai gida yana iya kai rahoton ta tsere, abin da ake kira hurub, daga nan kuma ita ma ta faɗa sahun waɗanda ake nema.

Ki nemi ejan ya nuna miki lasisinsa daga Ma'aikatar Ƙwadago da Samar da Aikin Yi ta Tarayya, domin ita ce ke ba kamfanoni izinin ɗaukar ma'aikata zuwa waje, sannan ki aika wani mai ilimi daga cikin 'ya'yanki ko ƙannenki ofishin ma'aikatar ya tabbatar da sunan kamfanin. Idan ya fara kame-kame, ko ya ce kina ɓata masa lokaci ga wasu can suna jira, ki kai bayaninsa ofishin NAPTIP da ke Kano, hukumar da aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane. Maƙwabciyar taki mai yiwuwa da zuciya ɗaya ta haɗa ku, amma ba ita za ta amsa waya ba ranar da aka daina jin ɗuriyar yarinyar. In har tafiyar ta tabbata ta hanyar da ta dace, ku ajiye kwafin fasfo da na kwantiragi a gida, ita kuma ta haddace lambar ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, kuma kada ta karɓi jakar kowa a filin jirgi, ko da ta ejan ɗin ce.

Tambaya ta biyu, daga wata ma'aikaciyar jinya a Zariya:

Malam, shekarata 4 ina aikin jinya, ina da lasisi, kuma ina son in koma Ingila da aiki. Wani a WhatsApp ya ce zai sayar mini da takardar ɗaukar nauyi ta aikin kula da tsofaffi a kan naira miliyan 12, ya ce ta fi sauri domin ba sai na yi jarrabawa ba. Wasu kuma sun ce Birtaniya ta hana ɗaukar nas daga Najeriya gaba ɗaya. Wanne ne gaskiya?

Amsa:

'Yar'uwa, bari in fara da mai sayar da takarda. Birtaniya ta rufe ƙofar ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje tun ranar 22 ga Yulin 2025, bayan tun a watan Maris na 2024 ta hana su tafiya da iyalansu. Dalilin rufewar ya haɗa da irin wannan ciniki da ake yi miki tayi: tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 gwamnatin ƙasar ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470, aka bar ma'aikata fiye da 39,000 cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi, da yawansu sun ci bashi sun biya dillalai, sun isa sun tarar babu aikin. Wanda ke tallar wannan takarda a yau, hajar da babu ita yake sayarwa. Takardar ɗaukar nauyi, wadda ake kira CoS, lamba ce da mai ba da aiki ke fitarwa ta kwamfuta ga wanda ya ɗauka, shi ne kuma ke biyan kuɗinta, doka ma ta hana shi ɗora wa ma'aikaci kuɗin.

Maganar hani kuwa rabin gaskiya ce. Najeriya tana cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, shi ya sa Birtaniya ta hana asibitocinta da dillalansu zuwa farautar ma'aikata a nan. Amma ba a hana ki ke da kanki ki ga tallar gurbi ki nema kai tsaye ba. Wannan ma ya ba ki ma'auni mai sauƙi: duk kamfanin da ya ce shi wakilin asibitocin gwamnatin Birtaniya ne a Najeriya, ko dai yana karya ƙa'idarsu, ko kuma ƙarya yake yi.

Hanyarki ta gaskiya ta ratsa ta hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, wato NMC, kuma jarrabawar da ake ce miki za ki tsallake ita ce jarinki. Da farko akwai jarrabawar Turanci, IELTS ko OET: a IELTS ana son maki 7 a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu. A OET kuwa B a ukun farko, C+ a rubutu. Rubutun nan shi ne ke kayar da mutane, har da waɗanda suka yi shekaru suna rubuta rahoton marasa lafiya da Turanci, don haka ki ba shi watanni, ki samu mai duba miki yana gyarawa. Sakamakon shekara 2 yake yi kafin ya lalace, saboda haka kada ki zana sai kin shirya ci gaba da sauran matakan. Daga nan sai jarrabawar kwamfuta ta CBT, wadda ake yi a nan Najeriya. Ki zauna da kanki ki rubuta. A 2023 NMC ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawa da ke Ibadan, ta soke sakamakon kusan mutum 2,000 da suka zana a wurin, har masu gaskiyar cikinsu sai da suka sake, wasu kuma da suka riga suka fara aiki a can suka tsinci kansu a gaban kwamitin bincike. Hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya ita ce za ta tabbatar wa NMC da lasisinki. A watan Fabrairun 2024 ta gindaya sharaɗin shekara 2 na aiki kafin ta yi wa mutum wannan tantancewa, abin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas, amma ke mai shekara 4 wannan bai shafe ki ba.

Da waɗannan a hannu sai ki shiga shafin NHS Jobs, inda asibitocin gwamnatin Birtaniya ke tallar aiki, ki riƙa neman gurabe. Neman kyauta ne, ganawar kuma ta bidiyo ake yi. Asibitin da ya ɗauke ki shi zai ba ki CoS, ki yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, kamar na Hukumar Ƙaura ta Duniya a Abuja ko Legas, ki nemi bizar ma'aikatan lafiya. Jarrabawa ta ƙarshe, OSCE, ta aikin hannu ce, a can ake yin ta, kuma sai kin ci za ki zama cikakkiyar nas a mataki na 5 na albashinsu. Abu biyu zan ƙara. Ɗaukar ma'aikata daga waje ya ja baya idan aka kwatanta da 2022 da 2023, don haka kada ki ajiye aikinki na Zariya sai biza ta fito. Sannan ki karanta sashen kwantiragi da ke cewa idan kika bar asibitin kafin wani wa'adi za ki mayar da kuɗin jirgi da na horo da aka kashe miki. Ki san adadin kafin ki sa hannu. Gwamnatin Birtaniya tana wallafa jerin sunayen duk masu lasisin ɗaukar nauyi a shafinta na gov.uk, kuma minti biyar sun isa ki duba ko sunan mai ba ki aiki yana ciki.

Tambaya ta uku, daga wani matashi a Maraɗi:

Malam, na yi lisansi, wato digirin farko, a fannin kwamfuta, ina da shekara 28, na yi aiki shekara 2 a wani kamfani a Yamai. Wani kamfanin Kanada ya aiko mini da takardar ɗaukar aiki ta imel ba tare da na nema ba, ya ce in aika jikka 400 na kuɗin CFA domin izinin aiki cikin kwana 3. Ina jin Faransanci sosai, Turancina kaɗan ne.

Amsa:

Ƙanena, ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin da bai ga fuskarka ba, bai ji muryarka ba, bai gwada ko ka iya aikin ba, me ya gani a wurinka da zai ɗauke ka daga wata nahiya? Kwanakin baya ɗan wani abokina ya kawo mini irin wannan takarda, an buga ta da launi, har da ganyen tutar Kanada a kusurwa da wani jan hatimi a ƙasa. Muka shimfiɗa ta a kan tabarma muna bi layi-layi. Adireshin imel ɗin na Gmail ne, ba na kamfani ba. Albashin da aka rubuta ya fi ƙarfin aikin sito da aka ambata nesa ba kusa ba. Sunan manajan da ke saman takardar daban yake da wanda ya sa hannu a ƙasa, asusun da za a tura kuɗin kuma na wani mutum ne a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma. Yaron ya yi shiru, can ya ce ai har ya gaya wa mahaifiyarsa ta fara yi masa dambun nama na guzuri. Ka duba taka da irin wannan ido, ina kyautata zaton za ka ga 'yan'uwan waɗannan alamomi.

A tsarin Kanada, izinin ɗauko ma'aikaci daga waje, wanda ake kira LMIA, mai ba da aiki ne ke nemansa, shi ke biyan dalar Kanada 1,000, kuma haramun ne ya karɓa daga hannun ma'aikaci. Sayar da takardun aiki na bogi ya yi yawa har sai da gwamnatin ƙasar ta soke ƙarin makin da ake ba mai tayin aiki a tsarin neman izinin zama mai suna Express Entry daga ranar 25 ga Maris na 2025.

Abin da ka ambata a ƙarshen wasiƙarka kamar ba komai ba, shi ne dukiyarka: Faransanci. Kanada tana neman masu jin Faransanci da za su zauna a wajen lardin Kebek, kuma tun 2023 take ware musu zagayen gayyata na musamman a Express Entry, tsarin da aka fara a 2015 wanda ke ba mutum izinin zama na dindindin bisa maki, ko da ba shi da tayin aiki. Za ka zana jarrabawar Faransanci, TEF Canada ko TCF Canada. Idan ka kai mataki na 7 a dukkan sassa huɗu za ka samu ƙarin maki 25, ya zama 50 idan Turancinka ya kai mataki na 5. Za ka aika takardun jami'arka wata hukumar tantancewa irin su WES ta faɗi matsayinsu a ma'aunin Kanada. Ana buƙatar aƙalla shekara 1 ta aikin ƙwarewa ba yankewa, kai kuwa kana da 2, sai dai ka karɓi wasiƙa daga kamfanin mai bayyana ayyukan da ka yi da awoyi da albashi. Makin shekaru ya fi yawa tsakanin 20 da 29, daga 30 yake fara raguwa, don haka lokacinka ne yanzu. Buɗe fayil ɗin kyauta ne, kuma kana iya cikewa da kanka. Za a nemi shaidar kuɗin da za ka riƙe kanka da su idan ka isa. Jikka 400 ɗin nan gara su tafi ga kuɗin jarrabawa. Akwai kuma shirin Mobilité francophone, wanda ke ba kamfanin da ke wajen Kebek damar ɗaukar mai jin Faransanci ba tare da LMIA ba, kuma yana da kyau ka ambace shi a wasiƙarka ta neman aiki, domin ba kowane mai kamfani ne ya san da shi ba. Idan ka ga lallai sai ka ɗauki mai ba da shawara, ka duba sunansa a rajistar CICC, hukumar da ke ba masu ba da shawara kan ƙaura zuwa Kanada lasisi.

Tambaya ta huɗu, daga wani injiniya a Bauchi:

Malam, na tura takardar neman aiki wurare sama da 60 a Ingila da Jamus da Daular Larabawa, babu wanda ya amsa. Ina matsalar take?

Amsa:

Malam, na duba CV ɗin da ka haɗo da wasiƙarka. Shafi 6 ne, kuma rabin shafin farko ya tafi ga jiharka da ƙaramar hukumarka da addininka da yawan 'ya'yanka da makarantar firamaren da ka yi. Wannan tsarin neman aikin gwamnati ne a gida. Ka mayar da shi shafi 2, ka fara da aikin da kake yi yanzu, kuma maimakon ka ce kana "kula da ayyukan gini", ka faɗi wace gada ko wane gini, tsawonsa nawa, mutum nawa ke ƙarƙashinka, da wace manhaja ka yi zanen. Ingila da Kanada ba sa son hoto ko ranar haihuwa. A Jamus da ƙasashen Larabawa kuwa an saba sa hoto. Takarda ɗaya da aka watsa wurare 60 ba ta kai guda 10 da aka rubuta kowace daidai da kalmomin tallar gurbin ba, musamman da yake manyan kamfanoni da kwamfuta suke fara tacewa. A Ingila, kamfanin da ba ya cikin jerin masu lasisin ɗaukar nauyi ba zai iya ɗaukarka ba ko da ka burge shi, kuma tun Yulin 2025 mafi ƙarancin albashin da ake nema ga yawancin guraben ƙwararru ya kai fam 41,700 a shekara. A Jamus ka fara duba ko jami'arka da digirinka suna cikin anabin, rumbun bayanan da ke nuna jami'o'i da digirorin waje da Jamus ta amince da su. Akwai kuma katin Chancenkarte da aka fara a watan Yunin 2024, mai ba ƙwararre damar shiga ya nemi aiki har shekara 1 yana aikin awa 20 a mako, idan ya nuna kuɗin riƙe kansa.

Wani abu da na lura da shi, wanda ke damun mutanenmu da yawa: sunanka an rubuta shi iri uku. A takardar sakandare sunanka na tsakiya ya zo da cikakken rubutu, a digiri an gajarta shi zuwa harafi ɗaya, a fasfo kuma an sa sunan garinku a matsayin sunan iyali. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke tantance takardu a Balin ko Dubai mutum uku yake gani. Ka je kotu ka yi takardar rantsuwa da ke haɗa sunayen, ka daidaita NIN da fasfo, sannan ka kai takardun karatunka Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ta Harkokin Waje a Abuja a buga musu hatimin tabbatarwa tun kafin wani kamfani ya nema. Su kuma mutum biyun da ka sa a matsayin masu ba da shaida a kanka, ka kira su ka sanar da su, ka karɓi adireshin imel na wurin aikinsu maimakon na ƙashin kansu. Idan ka gyara CV ɗin ka sake aiko mini in duba kafin ka tura wa kowa.